Lamba Huɗu a Ajin Safe

Litinin, 13 ga Satumba, 2021. Aikin fari: duba batirin sola, goge tebura biyar.

Gummi.

Zuwa ga taubashiyata Hure, ɗiyar Kawu Makau,

Assalamu alaikum. Ki yi haƙuri da layin da ke sama, daga littafina na kullum na yago shafin. Ina fatan kina lafiya, da maigidan da yara. Yaya gwiwar Kawu? Mu nan lafiya lau. Idon Inna na hagu ya rage ruwa. Maiɗakina Rahina tana gaishe ki. Tun da aka rufe layin waya ban ji muryar kowa daga Bukkuyum ba, shi ya sa na ba Audu direba wannan.

Na dawo daga Anka, horon mako shida ya ƙare. Amma ban zama mai koyarwa ba tukuna. Ƙungiyar da ta horar da mu ta ba ni kwamfuta biyar da ɗaki ɗaya, da sharaɗi: in koyar da mutum goma mako takwas, dukkansu su kai ƙarshe, sannan wata jami'a, Malama Saudatu, ta zo ta zauna ta ga yadda nake koyarwa. In ta sa hannu, ajin ya zama nawa. In ba ta sa ba, a kwashe kwamfutocin a kai wani gari, in koma shagon buga takardu.

Na raba su biyar da safe, biyar da la'asar. Na rubuta darussa tun daga kunnawa har kashewa. Komai na shirya sai abu ɗaya. Ranar farko ina buɗe ƙofa sai na tarar da baban Rahina zaune a bakin ɗaki, da biro a aljihu. Ya rubuta sunansa tun ina Anka. Kin san shekara arba'in yana gindin kotu yana buga wa mutane koke da tafireta, a wurinsa na koya, daga baya ya ba ni ɗiyarsa. Yanzu ribin, zaren tawadar tafireta, ya yi wuyar samu, mutane kuma takardar kwamfuta suke so.

Hure, ban taɓa furta sunansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba tun da aka ɗaura aure. Na tsaya da rajista a hannu, ga sunansa a ciki sai an kira. Da ƙyar dabara ta zo mini, na ce a wannan aji da lamba ake kira. Shi ne lamba huɗu.

Wannan ya wuce. Matsalar ita ce hannunsa. A tafireta in ka kai ƙarshen layi sai ka tura keken ya dawo. A kwamfuta rubutu da kansa yake saukowa, ba a danna madannin Enta sai an gama sakin layi. Shi kuwa kowane layi sai ya danna. Ga shi ya fi kowa sauri. Yaya zan ce wa surukina ya yi kuskure, a gaban mutane? Ke da kike yi wa tsofaffi allura a asibiti, ki ba ni shawara.

Naki,
Sa'idu

*

Bukkuyum, Lahadi 19 ga Satumba.

Ɗan mace,

Wa'alaikumussalam. Muna lafiya. Gwiwar Baba tana nan, ta fi ciwo in za a je gona, ta yi sauƙi in an ce ga fura. Ka gaida Gwaggo, ka ce ta daina sa kwalli a idon nan har ya warke. Ka gaida Rahina.

Na karanta takardarka sau biyu, na yi dariya har wata mai jiran awo ta tambaye ni ko albashi aka ƙara. Malam Ubaidullah ya zama lamba huɗu. Ka ga ni na faɗi sunan, rufin bai faɗo ba.

Sa'idu, kai ne malami? Kai da muna yara akuya ta hau tabarmarka ka koma ƙasa ka bar mata? Wa ya zaɓe ka, bai tambaye ni ba? Ka mayar musu da kayansu tun da girma, ka koma gindin tafiretarka inda ba mai jin muryarka.

To ga abin da nake yi. In tsohuwa tana shan magani ba daidai ba, ba na fuskantarta. Sai in tsaya tsakiyar ɗaki in faɗa wa kowa, ita ma ta ji. Gwada haka. Akwai saura da zan faɗa maka amma Audu yana ta danna oda a waje kamar motar tasa ce kaɗai a duniya.

Uwar ɗakinka,
Hure

*

Gummi, Litinin 27 ga Satumba.

Hure,

Sallama da gaisuwa. Saƙonki ya iso ranar Laraba. Inna ta ce kwallin nan da shi ta girma, amma ta ajiye. Ƙaramar ɗiyata ta yi zazzaɓi kwana biyu, ta tashi.

Na gwada shawararki sau uku, na rubuta kowace a littafi. Ranar Alhamis na tsaya gaban allo na ce, "Jama'a, kada kowa ya danna Enta a ƙarshen layi." Baba, surukin nawa, ya gyaɗa kai, ya juya wajen sauran ya ce, "Kun dai ji abin da aka hwaɗi." Sannan ya ci gaba da dannawa. Ranar Juma'a na yi kuskuren da gangan a gabansu, na gyara. Ya ce wa Maimunatu, mai sayar da magani da ke zaune kusa da shi, "Yaron nan tun da can yana da garaje." Ranar Asabar na roƙi Rahina ta faɗa masa. Ta ce ita ba ta san Enta ba, kuma ba da bakinta za a ce wa babanta bai iya buga takarda ba.

Don haka ga abin da nake yi yanzu. In an tashi ƙarfe sha biyu, sai in tsaya in buɗe aikinsa in cire dannawar ɗaya bayan ɗaya. Minti ashirin yake ɗaukata. Washegari in buga a firinta in miƙa masa da hannu biyu, ya duba ya ce, "Madalla." Na san ba koyarwa ba ce. Amma kowa yana cikin mutuncinsa.

Maganarki ta akuya ta zauna mini. Na san wasa ne tsakaninmu, amma na karanta ta sau da yawa ban ga wasan a takarda ba. Ke kin san ni tun ban iya tsarki ba. A Anka ma ni ne na ƙarshe da ake jin muryarsa. In da gaske kina ganin ban dace ba, ki faɗa mini kai tsaye, zan ɗauka.

Sa'idu

*

Gummi, Alhamis 14 ga Oktoba.

Hure,

Assalamu alaikum. Kwana goma sha bakwai ba amsa. Ina fatan lafiya ce. Na je tasha sau huɗu, an ce Audu bai fito ba, hanya ba daɗi. Na ba wani mai ɗaukar buhunan gero wannan. Mu lafiya, sai dai ni ba na cin abinci sosai.

Abin da nake tsoro ya faru, kuma ya fi yadda na zata. Ranar Talatar makon jiya na tafi jana'izar maƙwabci, na bar wa Maimunatu makulli su yi bita. Wani mutumin Zugu da ya dawo nan da zama ya zo wa Baba da koke kan iyakar gona. Baba ya ji daɗi, aikinsa na farko a kwamfuta. Ya buga shafi biyu, Maimunatu ta sa masa a filash, suka tafi shagon Jamilu tare da mai koken, don firintarmu ba tawada. Mutumin ya ce a ƙara girman rubutu saboda ido. Jamilu yana ƙarawa, layukan suka kakkarye, dogo ɗaya, guntu ɗaya, wani kalma ɗaya tak, har ƙasa.

Jamilu ya ce, "Baba, koke ne wannan ko waƙa?"

Shagon cike da mutane. Aka yi dariya. Baba ya ce injin Jamilu ne ba shi da kyau, shi a aji takardunsa a miƙe suke fita. Jamilu ya nuna masa inda ya danna, ya ce wannan ai ranar farko ake hana mutum. Maimunatu kuma, don ta kare ni, ta ce, "Ai Malam yana tsayawa kullum ya gyara maka."

Ita ce ta ba ni labarin. Ya naɗe takardar ya sa a aljihu, ya ce wa mai koken ya zo gida gobe a buga masa da tafireta. Tun ranar bai sake zuwa aji ba. Na je gaishe shi ranar Juma'a kamar kullum, aka ce yana hutawa. Bai taɓa hutawa ranar Juma'a ba.

Yanzu ɗalibaina tara. Malama Saudatu za ta zo huɗu ga Nuwamba. Ko da goma ne, wanda ya ɓoye kuskuren ɗalibi mako uku bai cancanci a sa masa hannu ba. Shirunki na ɗauke shi amsa. Na rubuta wa ƙungiyar takardar janyewa, na sa a ambulan, tana cikin littafina. Motar Anka sai Laraba mai zuwa.

Ki gaida Kawu.

Sa'idu

*

Bukkuyum, Lahadi 17 ga Oktoba.

Sa'idu,

Wa'alaikumussalam. Lafiyarmu lau. Takardunka biyu rana ɗaya suka zo, jiya. Ta farkon ta yi mako uku a aljihun motar Audu, motar kuma tana wurin makanike. Ni ma an tura mu Nasarawa Burkullu rigakafi, kwana tara. Ba shiru na yi maka ba, ban san kana magana ba.

Yanzu saurara, kuma ba wasa a wannan shafin, ka duba ko'ina ba za ka samu ba. Shekara talatin ina tsokanarka, yau ne ka ga damar yarda da ni? Da a gabana kake da ka ga bakina yana dariya. Laifina ne da na manta takarda ba ta da fuska. Ka yafe mini.

Saurar maganar da oda ta katse mini ita ce wannan. Wanda ya koya mini cike fom ɗin makarantar lafiya, ya zauna da ni kwana uku bai ɗaga murya ba, kai ne. Ba ni da shakka a kan koyarwarka. Faɗa wa kowa dabara ce ta farko kawai. In tsohuwa ba ta ji ba, ina bin ta gida in zauna ƙasa in faɗa mata ita kaɗai. Kunya ba ta hana ni, don in na yi shiru ita za ta kwanta ciwo.

Ka yi kuskure, ba zan ce ba ka yi ba. Amma ka lura, duk takardarka kanka kake kuka. Dattijon nan aka yi wa dariya a kasuwa, a kan sana'ar da ya ci abinci da ita tun ba a haife mu ba. In ka janye ka bar shi da wannan dariyar har abada. Kada ka ba motar Laraba komai. Ka je gidansa. In an ce yana hutawa ka zauna a zaure har ya gama hutawa.

Na ba wata ma'aikaciyarmu da za ta Gummi gobe, hannu da hannu. Akwai kuli-kuli a ƙullin, na Gwaggo ne, ba naka ba.

Hure

*

Gummi, Litinin 25 ga Oktoba.

Hure,

Sallama. Saƙo ya iso ranar Talata da hantsi. Inna ta gode, ta ba ni guda biyu ba tare da na roƙa ba. Kowa lafiya. Babu abin yafewa tsakaninmu, ni ne na karanta da zuciyar da ta riga ta karaya.

Ban ba motar Laraba komai ba. Ranar Alhamis bayan la'asar na tafi. Aka ce yana hutawa. Na cire takalmi na zauna a zaure. Ina jin ƙarar tafireta daga ciki. Na ƙirga, sa'a ɗaya da minti goma, sannan ya fito ya zauna a kan buzunsa. Na gaishe shi ya amsa a taƙaice.

Ya ce, "Mi yak kawo ka?"

Na ce, kaina a ƙasa, na zo neman gafara. Na faɗa masa duka, tun daga ranar farko, har minti ashirin ɗin. Na yi masa bayanin madannin, ina zana layi da yatsa a kan tabarma.

Ya bi yatsan nawa da ido. Sannan ya ce, "Sa'ad da nike koya ma tafireta, sau nawa na buge ma yatsu da rula?"

Na ce ba su ƙirguwa.

"Ka ƙi ni don haka?"

Na ce a'a, Baba.

"To ni kwana da kwanaki kana bi na kana sharewa kamar jinjiri. Hwaɗa min gaskiya. Kunyata kaj ji, ko gani kay yi tsoho ba ya koyo?"

Hure, ban taɓa jin tambaya mai nauyin wannan ba. Na ce kunya ce. Sai na tsaya na duba zuciyata, don ya ce gaskiya yake so, na ce wataƙila da ɗan na biyun ma. Na zaci zai kore ni. Ya yi wata 'yar dariya ta hanci.

Ya ce, "Ɗiya na ba ka. Ban ce ka bar ni cikin jahilci ba. Tashi ka tahi, magariba ta yi."

Bai ce zai dawo ba, ban kuma iya tambaya ba. Juma'a bai zo ba, Asabar bai zo ba, yau ma kujerarsa ba kowa. Na kunna kwamfutarsa duk da haka, na kashe da aka tashi. Saura kwana goma. Ambulan tana nan cikin littafi, ban yaga ba, ban aika ba. Ki sa mu a addu'a.

Sa'idu

*

Bukkuyum, Juma'a 29 ga Oktoba.

Ɗan mace,

Muna lafiya, muna gaisuwa. Audu ya tashi motarsa, Allah ya sa ta kai. Na karanta wa Baba takardarka. Ya ce ya san Malam Ubaidullah tun suna samari, in ya yi dariyar hancin nan to ya huce, sai dai ba zai zo ranar da kake jira ba, sai ranar da ya zaɓa. Ka ci abinci. Ka sa rigar nan mai ruwan toka ranar jarrabawa, kada ka sa shuɗiyar, tana sa ka kama da mai neman taimako.

Hure

*

Gummi, Alhamis 4 ga Nuwamba.

Hure,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Mu lafiya, Inna har ta zura zare a allura da kanta jiya. Kawu ya yi gaskiya, ki faɗa masa. Ranar Larabar makon jiya na zo buɗe ɗaki na tarar da Baba a bakin ƙofa, ya riga ni. Na gaishe shi, ya ce na makara da minti biyar.

Mako guda muna fama. Ya gane maganar sarai, hannun ne bai gane ba. Da ya kai ƙarshen layi sai ƙaramin yatsa ya tafi da kansa. Nakan je kusa in durƙusa in yi raɗa, ya goge ya sake. Abin ya ragu amma bai tafi ba.

Yau Malama Saudatu ta iso ƙarfe tara. Mace ce mai ƙarancin magana. Ta duba rajista, ta ƙirga goma. Ta ce in ci gaba kamar ba ta nan, sannan ta ɗauki kujera ta ajiye daidai bayan Baba. Na ba su wasiƙa su kwafa. Ina gaban allo ina nuna wa Nuhu, wani mai injin niƙan dutsen zinariya, yadda ake adana aiki, sai na ji ƙarar Enta. Na san ta, don Baba da ƙarfi yake bugawa. Na ji ta biyu. Na ɗaga kai na ga Malama tana kallon allon kwamfutarsa, sannan ta kalle ni, biro a hannu.

Tsakanina da shi tebura uku. In na tafi na durƙusa na bar Nuhu a tsakiyar aiki. Na ji yatsan zai sake sauka. Ban san lokacin da na buɗe baki ba.

Na ce, "Lamba huɗu, ɗauke hannu daga Enta. Goge biyun nan ka sake."

Da ƙarfi na faɗa, Hure, har mai wucewa a waje ya leƙo. Maimunatu ta sunkuyar da kai kamar ita aka yi wa.

Baba ya ɗauke hannunsa ya ɗora a cinya. Ya ce, "To, Malam."

Ya goge ya sake, ya kai ƙarshen shafi bai ƙara ba. Ni kuwa na juya ina goge allon da ba a rubuta komai a kai ba, har idona ya washe.

Ta zauna har ajin la'asar. Da aka tashi ta ce ina yawan yi wa allo magana maimakon mutane, kuma darussana sun cika tsawo, in rage. Sannan ta sa hannu. Kwamfutocin suna nan Gummi. Sabon rukuni zai fara bayan mako biyu. Ba ta san ko wane ne lamba huɗu ba, ban kuma faɗa mata ba.

Da na koma gida na tarar an aiko da kwanon fura daga gidan Baba, ba saƙo. Rahina ta ce rabon da ya aiko da kansa tun sunan ɗiyarmu ta fari. Wai layin waya zai dawo kwanan nan. Ko ya dawo ki ci gaba da rubutowa, amma in wasa ne ki ja masa layi a ƙasa.

Audu zai tashi da sassafe, ba ni da wata takarda, don haka ki yi haƙuri da ayyukan gobe a ƙasan shafin.

Naki,
Sa'idu

Juma'a, in Allah ya kai mu:
1. Mayar da kwanon fura, da kaina.
2. Nemo tawadar firinta.
3. Rage darasi na uku da na biyar.
4. Rubuta sunayen sabon rukuni. Mutum bakwai sun zo, ciki har da ƙanen Baba.
5. Baba yana tura taken takarda zuwa tsakiya da dogon madannin ba da tazara, dannawa talatin. Nuna masa hanyar da ta dace, a aji, kafin a tashi.